Shelar Ƙarya a Kasuwar Lolo

A shekarar da muka samu 'yancin kai na buga littafi, kuma da wannan littafin na kusa raba wani bawan Allah da sana'ar da ya gada. Lokacin ina rubuta wa mutane wasiƙa ne a kasuwar Lolo. Tun jajibirin kasuwa nake tashi daga Bagudo, in ɗaure akwatin takarduna a bayan keke, mai fito ya ƙetare da ni kogin Kwara, washegari in shimfiɗa tabarma gindin wata tsamiya kusa da 'yan kifi. Mai ɗa a barikin soja, mai miji can kudu a Kurmi, mai ƙorafi a kan gona, duk gabana suke zama su faɗa in rubuta. Ban taɓa ƙara wa maganar mutum gishiri ba, kuma an san ni da haka har tsallaken iyaka, cikin ƙasar Dahomi.

A gida kuwa, tsakanin azahar da la'asar, wani rubutu nake yi wanda ba wanda ya sa ni. Labari ne na wani mai fito da hadari ya rutsa da shi tsakiyar kogi. Jirgi ya kife, wani baƙo ya kama gefensa, mai fito ya ga za su nutse tare, sai ya ɓamɓare yatsun baƙon ya bar wa ruwa. Sauran littafin duk yadda abin ya yi ta cin ransa ne har tsufa. Shekara biyu na yi ina fama da shi. Ban san ƙofar da ake bi a kai ga manyan masu buga littattafai ba, kuma da yake ni mai taurin kai ne ban tsaya nema ba. Wani fatken goro ya tafi mini da rubutun zuwa Kurmi, wurin wani mai ƙaramin injin buga takardu, ya dawo mini da guda sittin ƙunshe cikin huhun goro. Wata guda suka yi suna ƙamshin ɗanyen ganye.

To, littafi sittin a ƙasar da masu karatun boko ba su cika rumfa ɗaya ba, wa za ka ba? Na ce tunda idanu ba su iya ba, kunnuwa za su ji. Zan tara jama'a in karanta musu da bakina. Ko'ina ana ta shirin bikin sabuwar tuta, na ce in ƙasa ta cancanci taro, littafina ma ya cancanta. Yayata da ta ji sai da ta riƙe ciki don dariya.

"Yau ga namiji da haihuwa," in ji ta. "To, tunda an haihu, sai a yi suna. Masa da kunu na wuyana."

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka na bi mutane ɗaya bayan ɗaya. Sarkin kasuwa ya ba mu filin gaban tsamiyata, bayan azahar in ciniki ya lafa. Wani tela ɗan Dole Kaina ya yarda ya tsaya gefena yana juya magana zuwa Dendanci saboda baƙin tsallake. Daga Bahindi na samo wani mai gurmi, dattijo mai zaƙin murya wanda ba taken da bai sani ba a ƙasar nan. Sai kuma mai fitonmu. Basarke ne, cikin masu gadon su da fito, aminin marigayi mahaifina, Baba nake ce masa. Shi ya fi kowa rawar jiki. Ya ce ranar duk wanda zai zo sauraren ɗansa kyauta zai ƙetare da shi, ya kuma kwance asabarin jirginsa ya yi mana inuwa da su.

Kuskurena guda ne, kuma girman kai ya jawo shi. Ban karanta wa ko ɗayansu labarin ba kafin ranar. So nake ya faɗo wa kowa a lokaci ɗaya. Abin da na gaya wa mai gurmi kawai, in na ɗaga kai ya kaɗa, in na sunkuyar ya tsaya. Ban gaya masa abin da zai kaɗa ba.

Ranar ta zo, fili ya cika har da waɗanda masa ta kawo. Mata masu nono suka sauke ƙwaryarsu suka zauna, 'yan kifi suka bar wa ƙudaje rumfa. Na miƙe da farar rigata, na fara. Babin farko yabon mai fito ne zalla: yadda ya san kogi kamar tafin hannunsa, yadda yake gane iska tun kafin ta taso, yadda bai taɓa barin tsohuwa a bakin gaɓa ba. Tela yana bina da Dendanci, jama'a na gyaɗa kai. Da na kai ƙarshen babin na ɗaga kai.

Makaɗi a wurinmu ba ya kaɗa wa iska. In an ambaci maƙeri a taro, taken maƙerin da ke wurin zai kaɗa, in an ambaci mahauci haka. Mai gurmi ya ji an yabi mai fito, ga kuma mai fito zaune a gaba. Sai ya juya ya fuskanci Baba, ya saki takensa, ya haɗa da kirarin kakanninsa. Baba ya miƙe ya yi jinjina, fuskarsa cike da murna. Mata suka rangaɗa guɗa. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Ashe Baba anka sa cikin takarda!"

Nan ya kamata in rufe littafin in yi bayani. Na san haka sarai. Amma taro ya yi daɗi, kowa ni yake kallo, kuma shekara biyu nake jiran wannan rana. Na ce a raina ai za su gane, na ci gaba. Na karanta hadari, na karanta kifewar jirgi, na karanta yatsun baƙo ɗaya bayan ɗaya. Tela ya juya rabin maganar, ya tsaya nan. Bai ma da buƙatar ƙarasawa, waɗanda suka ji Hausa sun riga sun raɗa wa waɗanda ba su ji ba. Da na ɗaga kai mai gurmi bai kaɗa ba. Mutanen da ke kusa da Baba sun jajja baya, yana zaune shi kaɗai a kan tabarma. Wata mata daga tsallake, wadda ruwa ya ci ƙanenta shekarun baya ba a san yadda aka yi ba, ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka.

Na yi ta cewa labari ne kawai, amma taro ya riga ya watse. Da yamma mutanen da Baba ya kawo kyauta suka yi layi a jirgin wani. Ni da yayata da kekena da sauran masa kaɗai ya mayar. 

Kasuwa ta zagayo, jirginsa na ɗaure. Ta sake zagayowa, haka. Mutumin da ya gaji filafili daga ubansa ya koma zama bakin gaɓa yana ɗinkin taru. Abin ya dame ni har abinci ya daina shiga. Na yi rantsuwa cewa ba zan sake taɓa alƙalami don kaina ba sai na ga mutane cikin jirginsa.

Na fara da bin mutane rumfa rumfa. Na ce musu tatsuniya ce. Wani tsohon ɗan kifi ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam, ba mu yara na ba," in ji shi. "Tatsuniya da rana tsaka? Tatsuniya cikin takarda, ga sunan Kwara, ga sunan Lolo? Kai ka rubuta muna wasiƙa shekara da shekaru, ba mu taɓa jin ka rubuta abin da ba a yi ba. Ruwa ba shi tsami banza."

Nan na gane inda igiyar ta ɗaure. Yardar da suka yi da ni ita ke kashe Baba. Muddin ni mai gaskiya ne a idonsu, shi mai kisan kai ne. Ɗayanmu kaɗai zai fita da sunansa.

Na koma wurin sarkin kasuwa na roƙi filin nan karo na biyu, na kuma roƙi a ba ni sanƙira ya zaga da shela. Ya tambaye ni abin da zan ce, na gaya masa.

"Ka san abin da ka ka shirin yi ma kanka?" ya ce. "In ka kira kanka maƙaryaci gaban kasuwa, wa za shi sake ba ka sirrinai ka rubuta?"

"Ranka shi daɗe, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa," na ce.

Yayata ta yi faɗa kwana biyu, ta ce sana'a ba riga ba ce da za a tuɓe. A rana ta uku ta jiƙa shinkafar masa, ta ce ba za a ce ƙanenta ya tara mutane da yunwa ba. Tela ya ce zai tsaya, kuma wannan karon ko me na faɗa sai ya kai shi ƙarshe. Mai gurmi kuwa da ƙafa ya tako daga Bahindi ba tare da na aika ba, ya ce da hannunsa aka yi ɓarnar, da shi za a gyara. Baba ne kaɗai ya ƙi zuwa. Sau uku ina zuwa gaɓa ina durƙusawa, a na ukun ya ce zai zo albarkacin mahaifina.

Taron ya fi na farko, don abin kunya ya fi biki jama'a. Ban sa farar riga ba. Na ɗaga littafin sama na ce, "Jama'a, ku shaida. Wallahi tallahi, abin da ac cikin wagga takarda ƙarya ta. Ni niƙ ƙage ta cikin ɗakina ga Bagudo. Ba baƙon da an nutse, ba jirgin da ak kihe. Baba bai san da ita ba sai ranad da kunka ji ta." Tela ya juya kalma bayan kalma. Na dubi matar nan ta tsallake na ce ban san ƙanenta ba, ban san ranar da ruwa ya ɗauke shi ba, kuma ta yafe mini tayar mata da miki.

Tsohon ɗan kifi ya miƙe. "To, in kana iya shirya ƙarya hat ta sa mu kuka, wasiƙunmu hwa?"

Na ce wasiƙunsu ban taɓa canza ko wasali ba, amma ba ni da shaidar da ta wuce bakina, kuma ga shi yanzu sun san abin da bakin nan ke iyawa. Aka yi ta gunaguni. Sai mai gurmi ya tashi ya ce shi ma yana da laifi, ya kaɗa take inda ba a sa shi ba. Ya tsaya gaban Baba ya sake kaɗa taken, ya ce wannan karon na mai shi ne, ba na takarda ba. Baba bai yi jinjina ba. Amma da yamma na ga mata uku masu nono sun shiga jirginsa, sai wani mai buhun gero, sai tsohon ɗan kifi da kansa.

Kasuwa ta gaba jirginsa sawu huɗu ya yi. Ni kuwa na wuni gindin tsamiya, mutum biyu suka zauna gabana, ɗayansu ma hanya yake tambaya. Kafin damina ta zagayo wani malamin makaranta ya gaje masu zuwa wurina rubutun wasiƙa, na koma noman shinkafa a fadama. Na ji zafin abin ƙwarai, ba zan ɓoye ba, amma a raina ina ganin na biya abin da na ɓata, har ina ɗan jin kaina.

Wata rana na makara, aka bar ni ni kaɗai a gaɓa, Baba ya ɗauke ni. Na zauna inda nake zama tun ina ƙarami, tsakiyar jirgi, ina fuskantarsa. Da muka kai tsakiyar ruwa ya ɗora filafili a cinya ya bar jirgi yana tafiya da kansa.

"Malam, tambaya guda ni ka so in yi ma," in ji shi. "Ka ce ƙarya ta, na yarda. Amma da ka ka rubuta mutumen nan, wa ka gani zaune bayan jirgi?"

Na so in ce ba kowa. Amma yadda mutumin littafin ke lasar yatsa ya ɗaga don jin iska, da tabon da ke bayan hannunsa, da waƙar da yake yi ƙasa-ƙasa in ruwa ya yi ƙarfi, duk na san inda na samo su.

"Kai na gani, Baba," na ce.



"Tun kana goye ni ka hito da kai," ya ce. "Ashe duk zaman da ka kai kana kallona, tunani ka kai ko ina iya sakin mutum ga ruwa."

Ya ɗauki filafili ya kai ni gaɓa. Shekara goma sha ɗaya ya ƙara yana ƙetarewa da ni kafin Allah ya yi masa rasuwa, kullum da gaisuwa, kullum da tambayar iyali. Sai dai daga ranar nan, duk sa'ad da na sa ƙafa cikin jirginsa, yakan nuna mini can gaba da haɓa, in zauna in ba shi baya.