Bargon Gwiwoyin Iya

Ranar wata Alhamis ce a watan Disamba na 1988, da misalin ƙarfe takwas saura kwata, an idar da sallar isha'i. Mu huɗu ne a bakin wuta a tsakar gidanmu, a wani ƙauye da ke gindin duwatsu, tafiyar awa guda a ƙafa daga Doguwa. Akwai kakarmu ta wajen uba, wadda muke kira Iya, da mahaifiyarmu Hanne, wadda muke ce wa Inna, da yayata Rabi, sai ni Saude, ina da shekara tara.

Sanyin wajenmu daga kan duwatsu yake saukowa, kuma da rana ta faɗi yake fara aiki. Don haka kullum da yamma Iya kan hura wuta da kara da guntayen itace, ta binne dankali a cikin toka, sannan ta ɗauko tatsuniya. Guda ɗaya take yi, kuma tsawonta daidai da nunar dankalin. Ban taɓa ganin ya ƙone ba.

A wannan shekarar Yaya Rabi tana gida. A Tudun Wada take aure, an kawo ta goyon ciki, cikinta na fari, kuma ya shiga wata tara. A can wata maƙwabciyarta ta koya mata haɗa ƙyallayen tela su zama bargon jariri. Ta zo da nata a ƙasan akwati. Ni na sani ne saboda ɗakinmu ɗaya. Ta riga ta gama fuskar bargon, ƙyallayen atamfa masu faɗin tafin hannu, ta jera su kala-kala. A ɓoye ta yi, ɗaya bayan ɗaya, da ta ji takun mutum sai ta cusa a ƙarƙashin zane.

Aikin da ya rage kuwa ba ya ɓoyuwa. Sai an shimfiɗa yadin ƙasa a babbar tabarma, a barbaza auduga a kai, a ɗora fuskar, mutum biyu su ja gefe da gefe, sannan a bi shi da basilla da dogon zare, a yi manyan ɗinki na riƙo don kada audugar ta dunƙule. Aikin tsakar gida ne, da rana, a gaban kowa. Nan aikin ya tsaya, har mako uku.

Dalilin kuwa kunya ce. A gidanmu mai cikin fari ba ta nuna ta san abin da take ɗauke da shi, balle a gan ta tana masa tanadi. Ita kuma Inna, wadda ta fi kowa iya allura a unguwar, Yaya Rabi ce 'yarta ta fari. Ko sunanta ba ta faɗi, "waccan" take ce mata. Ga mai bargo, ga mai hannu, a gida ɗaya, babu wadda za ta iya fara magana. Haihuwa na matsowa, sanyi na ƙaruwa.

Na taɓa tambayarta, "Yaya, yaushe za ki ƙarasa?"

"Ƙarasa me?"

"Abin cikin akwati."

"Bakinki ya fara tsawo, Saude. Na ma fasa, bai yi kyau ba."

Amma kusan kullum sai na ga ta buɗe akwatin, ta ɗan daɗe tana kallo, ta rufe.

A wannan maraice Iya ta binne dankalinta, ta gyara zama, ta buɗe yadda ta saba: "Ga wata baƙuwa a ƙofa, ko takalmi ba ta da shi." Muka amsa, "Ta shigo, akwai tabarma."

Ta ce a zamanin da, babu tsuntsun da ya kai kurciya iya ginin sheƙa. To wata 'yar kurciya ta ji ƙwanta na fari ya kusa, ga shi a tsamiya ɗaya take zaune da uwarta da gwaggwanninta. Sai ta ji kunyar a gan ta da ciyawa a baki. Takan bari sai rana ta take, kowa na gyangyaɗi, ta ɗauko tsinke guda. In wani ya buɗe ido sai ta saki, ta yi kamar tsaba take nema. Uwar tana gani, amma ita ma kunya ta hana ta magana, sai ta kawar da kai. Wata rana tsattsewa ta zo wucewa da laka a baki, ta ce, "Kurciya, me kike jira?" Ta ce, "Ina jiran ranar da ba kowa a bishiya." Tsattsewa ta ce, "A tsamiyar nan? Ai kuwa za ki daɗe."

Ƙwai ya zo tana da tsinke bakwai. A kansu ta saka shi. Allah ya kiyaye bai faɗo ba, amma ɗan ya fito cikin iska, ya girma bai san wata sheƙa ba sai wannan, haka kuma ya koya wa 'ya'yansa. "Shi ya sa har yau," in ji Iya, "in kin tsaya ƙarƙashin sheƙar kurciya, kina hango ƙwan daga ƙasa."

Na ce, "Iya, to laifin wa ne, kurciya ko uwarta?"

"Laifin kakarta ne. Tana reshen sama tana barci."

Babu wanda ya yi dariya sai ni. Iya ta tono dankali ta raba mana, sannan ta miƙe ƙafafu tana matsa gwiwa.

"Ni dai sanyin bana zai ƙarasa ni. Rabi, na ji matan Tudun Wada sun koya miki haɗa ƙyalle. Ba ki da wani guntu da tsohuwa za ta rufe gwiwa?"

Yaya Rabi ta sunkuyar da kai. "Akwai wani, Iya. Sai dai ƙarami ne."

"Ni ɗin babba ce? Dube ni, duk na shanye."

"Ba a ƙarasa shi ba."

"To ai ga masu hannu. Hanne, me kike yi gobe da hantsi?"

Inna tana kallon wuta ta ce, "Ba komai, Iya. In na gama surfe."

Daga baya Iya ta gaya min cewa a shara ta gano. Duk safiya tana ganin guntayen zare da ɓarɓashin atamfa a ƙofar ɗakinmu.

Washegari da hantsi aka baza tabarma. Yaya Rabi ta fito da fuskar bargon, tana riƙe da shi kamar kayan wani. Inna ta shiga ɗakinta, ta fito da sabon farin yadi da auduga gurzajjiya a ƙwarya. Da aka shimfiɗa yadin sai ya zo daidai, an riga an yanka shi, ko yatsa bai ƙaru ba. Babu wanda ya tambayi yadda aka yi ta san awon.

Iya ta zauna a kujera 'yar tsuguno, duk magana ta kanta take bi.

"Iya, ki ce wa waccan ta ja gefenta, ya tattare."

"Rabi, kin dai ji."

Can sai Yaya Rabi ta ce, "Iya, a ce zaren ya kusa ƙarewa."

"Hanne, ke ma kin ji. Ni da na roƙi bargo na zama ɗan aike."

Inna ta soma daga tsakiya, tana fita zuwa gefe, taku manya-manya. Da ta kai wani lungu inda ƙyalle huɗu suka haɗu, ta tsaya ta shafa shi da babban yatsa. Ta ce, "Iya, wanda ya haɗa wannan hannunsa da kyau." Yaya Rabi ta juya baya tana neman almakashi, alhali yana kan cinyarta. Kafin azahar an gama ɗinkin riƙo. Ƙananan ɗinkin suka ɗauke su kwana huɗu, su biyu, kowacce da gefenta, sannan aka zare manyan.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin faɗa ga masu kunya. Sai da na girma, na tara nawa ayyukan da suka tsaya dab da ƙarshe, na sake duba ta. Iya ba ta ce kowa ya daina kunya ba, kuma babu wadda ta daina. Abin da ta lura da shi shi ne inda aikin ya maƙale: daidai wurin da hannu ɗaya ba ya isa, mai aikin kuma ba za ta iya roƙo ba. Yanzu in na ga wani ya ajiye abin da ya kusa gamawa, ba na saurin kiransa malalaci. Nakan duba ko matakin da ya rage na mutum biyu ne, da kuma ko ni ce ke reshen sama.

Iya ta rufe gwiwoyinta da bargon a bakin wuta har maraice shida, don kada a ce ta yi ƙarya. A rana ta bakwai Yaya Rabi ta haifi namiji. Da aka gama yi masa wanka, Iya ta miƙa wa ungozoma bargon, ta ce ya yi mata kaɗan, a nemi wanda zai yi wa daidai.