Dobri Mai Haƙar Kabari da Rajistar Unguwar Orehak

Shekara talatin da huɗu Dobri Velchev ya yi yana haƙar kabari a Orehak, unguwar da ke can bakin gari. Ba shi da yawan magana. Ya ga lokacin da aka haɗe unguwar da gundumar birni, ya kuma ga yadda kwaltarta ta farfashe ba mai kula.

Da mutane suka gaji, sai Nevena, wata malamar makaranta, ta fara tattara sa hannu don a yi ƙuri'ar cire unguwar daga gundumar. Sharaɗin shi ne kashi ɗaya cikin huɗu na masu rajista su sa hannu, kowa da cikakken suna, adireshi da lambar katinsa. Saura kwana biyar wa'adi ya cika, ga shi mutum tara sun gagara samuwa, don matasa duk suna Jamus da Sifen neman abinci.

Ta same shi a maƙabarta yana cin burodi da cuku.

"Kawu Dobri, a cikin waɗanda ke gida kai kaɗai ka rage ba ka sa hannu ba. Ko sai na durƙusa?"

"Bar gwiwarki, 'yata, ni ban ga amfanin ficewar ba. Mu ga takardar."

Ta miƙa masa rajistar masu ƙuri'a, ya bi ta da yatsa, sai ya tsaya.

"Wannan Tsvyatko ai ni na rufe shi. Ga shi can gindin waccan bishiya. In kina son sa hannunsa, ɗauko shebur."

Ashe waɗanda suka rasu a ƙasashen waje aka kawo gawarsu gida, da yawa ba a goge sunayensu ba. Kwana uku Dobri yana bin gidajen iyalansu, yana shan kofi, yana karɓo takardun mutuwa. Wasu suka yi kuka, wata tsohuwa ta kore shi da tsintsiya, washegari ta aiko da takardar mijinta. Sunaye arba'in aka cire, adadin da ake nema ya sauko, takardar Nevena ta tsallake.

Ranar ƙuri'a ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, ya je ya jefa "a'a", bai kuma ɓoye wa kowa ba. Masu son ficewa ne suka yi rinjaye.

Ya ƙara shekara shida a bakin aiki kafin ciwon baya ya zaunar da shi. Yanzu kurangar inabi yake kula da ita a bayan gida.