Teburin da Babu Ƙusa

Mahaifina masassaƙi ne a Sabon Birni. Turmi da ƙota ya gada, amma da katako ya fara shigowa ƙasarmu sai ya koya wa kansa haɗa shi ba ƙusa. Yakan jera katako biyu gefe da gefe, ya ja zane da gawayi, ya fafe ƙananan ramuka a bakin kowanne, suna kallon juna. Sannan ya fere 'yan fallayen icce masu siffar ƙwayar irin duma, ya binne su cikin rairayi mai zafi har su bushe ƙayau. In ya shafa danƙon da yake dafawa daga guntayen fatar majema, ya cusa su a ramukan, ya ɗaure da igiya, sai su sha ruwan danƙon su kumbura a ciki. Kwana biyu, katako biyu sun zama ɗaya.

Shekarar da na gama karatu aka ba ni aikin malamin ayyuka a Isa, lokacin Turawa na nan. Ana son babban tebur na ɗakin shan magani. Ni na ambaci sunan mahaifina, kuma ina jin da kyakkyawar niyya na yi. Ya yi shi da maɗaci, aka ɗauko fuskar teburin a kan raƙumi, ya zo ya kafa ƙafafun da kansa.

Baturen da ke duba ayyuka ya shafa teburin, ya leƙa ƙarƙashinsa, bai ga kan ƙusa ko ɗaya ba. Ni ne tafinta. Ya tambaye ni abu ɗaya: zai riƙe?

Na san teburin cin abincin mahaifiyata, da ƙofar zaurenmu, duk haka aka haɗa su tun ina rarrafe. Amma a littafin da aka koyar da mu ban taɓa ganin wannan haɗi ba, kuma ni ne zan sa hannu a takarda. Sai na ce da Turanci wataƙila ya riƙe, sai dai ba ni da tabbas. Har yau ina gaya wa kaina ban yi ƙarya ba. Ban dai faɗi abin da na sani ba.

Baba bai jin Turanci, amma ya ga yadda na karkata kai.

"Mi ka ce mai?"

"Baba, cewa na yi a ƙara dubawa."

"Dubawa? Shi hau bisa shi yi rawa, shi da dokinai."

Ban fassara ba. Bature ya ce a buga ƙusa ta ƙasa da sandunan giciye, in ba haka ba a mayar da shi inda ya fito. Masinja ya kawo ƙusoshi da guduma, ya miƙa wa Baba. Baba ya juya ya miƙo mini.

"Ungo, Malam. Kai ka yi karatun ƙusa. Ni za ni gida."

Gaban leburori na durƙusa na buga. Uku sun lanƙwashe, ɗaya ta ɓullo ta sama ta tsage fuskar da ya kwana bakwai yana gogewa. Bature ya ga kawunan ƙarfe, ya gamsu, na sa hannu.

Daga ranar Baba bai sake karɓar aikin katako ba, ya koma turminsa. Sauran fallayen da ya fere, ƙwarya guda, mahaifiyata ta hura wuta da su. In na je gida yakan amsa gaisuwata, amma in na doshi rumfar aikinsa sai ya ce, "A kula, kar sassaƙe ya ɓata wa Malam wando."

Bayan damina huɗu, ko biyar, ba zan rantse ba, na sake duba teburin. Ƙusoshina sun yi tsatsa, sandunan sun saki, ɗaya ma ta faɗi. Haɗin Baba kuwa ko bakin reza bai shiga. Na hau keke har Sabon Birni don in gaya masa. Ya saurare ni har ƙarshe, gizago a hannunsa.

"Tau," ya ce. "Ka tabbata, ko sai ka koma ka duba littahi?"

Ya ci gaba da sara.