Yadda Na Kai Mikiya Baturiya a Kwandon Kaji

Mun tashi da asuba daga Roni, ni da ƙanena da mikiya a cikin kwandon kaji. Irin mai farin kan nan ce, mai cin kifi. Tun damina na tsinto ta a bakin dam ɗin Kazaure, komar masunta ta sarƙe mata fiffike, na kai ta gida don neman lada. Ladan da na gani shi ne kifin miyarmu ya koma bakinta, har mai ɗakina ta ce ko ita ko tsuntsuwa. An ce a Baturiya, can bayan Haɗeja, akwai fadamar da hukuma ta hana harbi. Can muka nufa.

A tashar Kazaure direba ya leƙa kwando, ya ce wannan fasinja ce, sai na biya mata kujera. Na biya. Kafin Babura ta yi wa wani malami kashi a babbar riga, na yi ta ba da haƙuri kamar ni na yi. Hanyar Gumel kuwa, kowane rami sai ta ƙwalla ƙara, mata na salati. A Haɗeja mu muka ci gurasa, ita ta ci tarwaɗa.

Nan wani mai maganin gargajiya ya bi ni har bakin mota, wai kanta da faratanta kawai yake so. Ƙanena ya ce, "Yaya, ka sayar mu huta mana." Na ce abin da ya cinye mini kifin damina guda ba zai ƙare a ƙullin magani ba.

Baturiya ruwa ne da bishiyoyi, tsuntsaye sun fi mutanen kasuwar Gwiwa yawa da surutu. Wani ma'aikacin gandun tsuntsayen ya raka mu bakin ruwa, na buɗe kwando. Ta ƙi fita, sai kallon aljihuna take yi, inda na saba ciro mata kifi. Ma'aikacin ya ce, "Baba, ai ka shagwaɓa ta." Na lallasa, na yi faɗa, na kaɗa hula, a banza. Sai wata irinta ta yi kuka daga kan giginya. Ta miƙe, ta mare ni da fiffike, ta tashi. Ko waiwaye babu.

Washegari muka dawo da kwando ba komai. Abin da na koyo shi ne tsuntsun kogi ba ya godiya, kuma tsohon da ya jira godiyarsa shi ne wawa. Mai ɗakina ta yi miyar kifi don murna. Ina cikin ci ta ga na ware kan kifin a gefen kwano. Ta ce, "Malam, wa za ka ba?"