Ƙaron da Ya Riƙe Maganin Auta

Autata tana da shekara uku lokacin da ciwon haƙarƙari ya kama ta, kuma saura ƙiris in rasa ta ina tsaye a kanta da cokali, ina ba ta magani safe da rana da yamma, ban tsallake ko sau ɗaya ba. Yadda haka ta faru, da yadda Allah ya kuɓutar da ita, shi zan faɗa.

A wancan zamani muna zaune a unguwar Madaki a Gombe. Maigidana tela ne a Kasuwar Gombe, ni kuma ina wankin kwalabe a wani ɗakin shan magani a cikin gari. Na kama aikin ba a daɗe da sauke tutar Turawa ba. Ban yi boko ba, ban san baƙi ko ɗaya na rubutunsu ba. Aikina shi ne in tafasa ruwa, in wanke kwalaben da mutane suka dawo da su, in kife su a kan tire su bushe. Disfensan da nake ƙarƙashinsa, wato mai haɗa magani, mutumin ƙasar Tangale ne, dogo, mai tsabta har ta yi yawa. Yana ce mini Adda, wato yaya da Fulatanci, ina ce masa Malam.

Shekara da shekaru ina kallon yadda yake haɗa maganin yara. Yakan auna farin garin magani a kan ɗan sikelinsa, ya zuba a turmin tangaran. Sai ya buɗe wani gwangwani mai rubutun Turawa, ya ɗebo wani gari daban, ya haɗa su, ya dinga ɗiga ruwa yana murzawa. In ya gama, abin yakan fito kamar damammen kindirmo, fari sol daga wuyan kwalba har gindinta, kuma haka zai zauna har ya ƙare. Ban taɓa tambayar mene ne a gwangwanin ba. Ba huruminna ba ne.

To, sai kuɗin mai suka shigo ƙasa. Gombe ta cika da babura da rediyo, kowa yana ginin siminti. Amma kayan asibiti sai suka daina zuwa. Aka ce jirage sun yi cunkoso a bakin teku a Ikko, namu kayan suna cikin waɗanda ba a sauke ba. Allura ta ƙare. Gwangwanin nan ma ya ƙare. Garin maganin kansa akwai saura, don haka Malam ya ci gaba da haɗa shi da ruwan sukari kawai, in ya miƙa kwalba ta taga sai ya ce, "A girgiza kafin a ba yaro."

A cikin wannan bazarar auta ta kwanta. Jiki zafi rau, numfashi sama-sama, in ta yi tari sai ta riƙe gefen ƙirjinta. Na goyo ta na kawo wa Malam, ya sa abin saurare a bayanta, ya haɗa mata kwalba da hannunsa. Ya ce in girgiza, na kuwa girgiza. Sannan na ajiye kwalbar a gindin randa ta huta, farin ya kwanta, na tsiyayo ruwan da ya taso samansa garai-garai na ba ta. Haka uwata ta koya mini da jiƙon sabara, haka kakata ta koya mata. Ana kaɗa jiƙo ne don ƙarfinsa ya fita, a bar shi ya kwanta, a sha ruwan, a zubar da guggubin. Wace uwa ce za ta ɗura wa yaro guggubi?

Kwana uku ina yi. Yarinya sai baya take yi. A rana ta huɗu ta daina kuka, kuma wannan shi ya fi ba ni tsoro.

Na sake goyo ta zuwa wurin aiki, na shimfiɗe ta a kan benci, na ce wa Malam magani ya ƙare, ba sauƙi. Na ɗauki kwalbar zan ɗauraye, sai ya riƙe hannuna.

"Adda, mene ne wannan a gindin kwalbar?"

"Guggubi ne, Malam."

"Guggubi? To me kika ba ta?"

"Ruwan maganin mana. Tatacce, ko ɗigon gari babu."

Ya zauna a kan kujera. Ya ce, "Adda, ruwan sukari kika ba ta. Maganin ga shi nan, duk, ba a taɓa shi ba."

Ban yi kuka ba. Na juya na dubi bahon wankina. Mako nawa ina kankare farin abu daga gindin kwalabe da tsinke, ina mitar matan unguwa ba su iya ɗauraya ba. Na ɗago ɗaya, na ɗago biyu, na ɗago biyar, na jera masa a kan tebur. Duk haka suke. Ashe ba ni kaɗai ba ce. Kowace uwa da ta karɓi kwalba ta tagar nan ta yi abin da aka koya mata a gida, ta yi shi da kyau.

Malam ya zuba ruwa a kwalbar auta, ya girgiza da ƙarfi, ya tsiyaya a cokali da sauri. Kafin cokali ya kai bakinta gari ya kwanta kamar yashi. Ya shiga maƙogwaronta, ta sarƙe, ta amayar da shi duka a kan zanena. Ya sake gwadawa, ta datse haƙora. Ya ce, "Da garin gwangwanin nan yana nan, da ya sulale mata kamar kunu. Shi yake riƙe maganin a cikin ruwa."

Gwangwanin yana nan a bayan ƙofa, don na roƙe shi zan riƙa zuba gishiri. Na ɗauko, na jiƙa yatsa, na lakato abin da ya maƙale a kusurwa. Na murza, sai yatsuna suka manne. Na sa a harshe. Ba zaƙi, ba ɗaci, sai yauƙi da danƙo.

Mahaifina malami ne, marubucin Alƙur'ani da hannu, kuma tun ina 'yar shekara bakwai ni ke dafa masa tawada. Garin gawayi in ka zuba shi a ruwa, kwanciya yake yi, alƙalami ya ɗebo ruwa fari. Sai an sa ƙaro yake tsayawa, baƙi daga sama har ƙasa. Harshena ya san wannan ɗanɗano kafin ya san na goro.

Na ce, "Malam, wannan ƙaro ne."

"Wane ƙaro?"

"Ƙaro dai. Na jikin itace. Wanda ake tawada da shi, ake ɗaurin hula."

Ya ce, "Adda, hankalinki ya tashi ne. Wannan daga Ingila yake zuwa. Ba a haɗa maganin asibiti da kayan kasuwa."

Na ce, "Ban san inda yake zuwa ba, na san inda ya fito. Kana da babban littafin nan da kake dubawa. Duba."

Ya dube ni, ya dubi yarinyar, ya sauko da littafin. Ya daɗe yana bin layi da yatsa, yana kallon gwangwani yana kallon takarda. Can sai ya cire tabarau, ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. Ya ce littafin ya ce danƙon wata ƙaya ce ta ƙasashen bakin sahara, ana saye a nan, a kai can a niƙa, a dawo mana da shi a gwangwani. Amma ya ce ba kowace ƙaya ba, iri ɗaya ne tak, kuma shi bai taɓa ganin itacen ba.

Na ce, "Kai riƙe mini yarinya."

Masu ƙaro a Kasuwar Gombe suna can wajen masu kanwa da jan gishiri. Na nufi wurin wani tsoho Babarbare da na sani tun zamanin mahaifina. Mu Fulani da su akwai wasa, ko a gidan makoki sai an taɓa. Yana hango ni ya ce, "A'a, yau baiwata ta tuna da ubangijinta? Ina nonon da kika kawo mini?"

Na ce, "Bawa ba ya shan nono sai ya gama aiki. Ƙaro nake so."

Ya tura mini wani buhu. Na duba, ja ne, wani har baƙi-baƙi, duk ɓawon itace a jiki. Na ɗanɗana, ya ɗaure mini baki.

"Wannan na bagaruwa ne, ka kai wa majema. Na dakwara nake so, fari."

"Ji Bafillatana! Shanu kika sani, yaushe kika san ƙaro? Hular wa za ki ɗaura da har sai na dakwara?"

Na ce, "Baba, 'yata ce a kwance."

Wasa ya ƙare nan take. Ya shiga can cikin rumfa ya fito da ƙwarya rufe da faifai. Ga shi nan dunƙule-dunƙule kamar ƙwan tantabara, fari mai ɗan ruwan zuma, in ka ɗaga shi rana tana ratsa shi. Muka zauna ni da shi muna tsincewa, duk wanda ke da ɗigon ƙasa ko ɓawo mu ware. Ya ƙulle mini a sabon ƙyalle, ya ce, "Tashi ki tafi, Allah ya ba ta lafiya."

Ban yarda an daka shi a turmin gida ba, don turmin da ya san barkono ba ya mantawa. A turmin tangaran na farfasa shi. Na ɗauraye da tafasasshen ruwan da ya huce, na jiƙa a wani, ina juyawa har ya narke. Malam ya ce a tace sau ɗaya, na ce mahaifina sau uku yake sa ni, muka tace sau uku da farin ƙyallen asibiti. Shi kuma ya ɗora a kan risho ya ba shi wuta, ya ce haka littafi ya ce. Nawa sanin ya tsaya a nan, nasa ya ɗauka. Ya auna garin magani, ya auna ruwan ƙaro, ya murza.

Ya cika kwalba biyu, ɗaya da ƙaro, ɗaya irin ta da, ya jera su a kan taga. Aka kira azahar. Na yi salla a gefen bencin da auta take, ina sallamewa na waiwaya. Wadda ba ƙaro ta rabu biyu, ruwa a sama, fari a ƙasa. Tamu tana nan yadda aka ajiye ta. Malam bai yarda da idonsa kaɗai ba. Ya kulle sauran haɗin a kabad, ya sa kwalbar a aljihu, ya ɗaure littafin a bayan babur, ya tafi wurin likitan da ke duba mu. Ni kuwa ina zaune ina ƙirga numfashin yarinya, ina jin kamar in fasa kabad in ba ta da kaina.

Kafin la'asar na ji ƙarar babur. Tun daga bakin ƙofa yake cewa, "Adda, ɗago ta! Ɗago ta!"

Na ɗora ta a cinya. Ya kawo cokali bakinta, ta kau da kai, na lallashe ta, ta buɗe kaɗan. Maganin ya shige. Muka tsaya muna jiran amai, ni da shi. Ta haɗiye, ta lashe leɓe, ta mayar da kai ƙirjina.

Washegari Malam ya haɗa babbar kwalba ta dukan yaran da ake kawowa, kuma ya ce in bar baho in tsaya a taga. Duk matar da ta karɓa sai in ce mata, da Hausa ko da Fulatanci, "Wannan ba jiƙo ba ne, 'yar'uwa. Ba a tsiyaya, ba a tacewa. Farin shi ne maganin." Wata tsohuwa daga Kwadon ta ce ita ta haifi tara, ba wanda zai koya mata ba yaro magani. Na ce mata ni ma bakwai na haifa, kuma ga abin da na yi wa ta bakwai ɗin. Ta karɓa, ta sa kwalbar a cikin zane.

Auta kuwa, kwana biyu zafin yana sauka yana hawa. A na uku gumi ya karyo mata har ya jiƙa tabarma. Da hantsin rana ta biyar ina tsakar gida ina jefa ɗanwake a tukunya, sai na ji ihu daga ɗaki. Na yar da ludayi na ruga. Na tarar ta sauko daga gado da ƙafarta, ta cafke kitson yayarta da hannu biyu, wai ta ɗaukar mata 'yar tsana. Yayar tana kururuwa, "Inna, ki raba mu! Inna, za ta cire mini gashi!"

Na tsaya a bakin ƙofa, ban raba su ba.