Kujerar da Kawu ya lulluɓe da leda

Kawu kafinta ne tun yana saurayi, kuma har ya tsufa maƙiyin katako ɗaya ya sani, gara. Shi ya sa da ƙafar kujerar marigayiya matarsa ta fara tsattsagewa, maganin gara ya yi ta fesa mata.

Shi ya ƙera kujerar da hannunsa. Tun da matar ta rasu ba wanda ya ƙara zama a kai. Kullum da safe sai ya goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, ya lulluɓe ta da leda saboda ƙura, ya mayar da ita lungun da ke kusa da randa. Yaransa sun yi nisa, sai dai waya. Daga shi sai kujerar a ɗakin.

Ranar da 'yar ƙanwarsa, wadda ta gama karatun sinadarai, ta zo gaishe shi, ya yaye ledar.

"'Yar boko, zo ki ga garar da ba ta jin magani."

Ta durƙusa ta danna ƙafar da yatsa. Katakon ya yi ja, ya rarrabe gutsi-gutsi, yana marmashewa.

"Kawu, ba gara ba ce. Funfuna ce."

"Ta burodi? Ita da ko haƙori ba ta da shi?"

"Ba ta buƙatarsa. Katako zaruruwa ne, da wani abu kamar gam da ya riƙe su. Ita wani sinadari take fitarwa ya tsinka zaren, ya mayar da shi sukari, ta shanye. Wannan jan da ka gani gam ɗin ne kawai ya rage. Amma sai da danshi take iya aikin."

Kawu ya dubi tsumman, ya dubi ledar.

"Ashe ni nake ba ta ruwa."

"Ba ka sani ba ne, Kawu."

"Katakon zai dawo?"

Ta girgiza kai. "Abin da ta ci ya tafi. Idan ya bushe dai za ta tsaya."

Bayan ta tafi ya fitar da kujerar rana. Ya bi ta da ƙwanƙwasa har ya ji inda katakon ke amsawa da ƙarfi. Ƙafafu huɗun duk sun mutu. Ya ɗauko zarto, ya ce, "Ki yi haƙuri, uwargida," ya yanke su.

Yanzu kujerar a ƙasa take, gefen tabarmarsa, ba leda. Idan zai ci abinci yakan matso da kwanon tsakaninsu.