Kunya Huɗu a Kunci Ɗaya

Bari in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: wawan wannan labari ni ne. Na faɗa ne don in rage wa 'yar Kawuna aiki, domin ta riga ta kai zancen Gwaram da Maruta har Zandam, tana ƙara masa gishirin da ba ya bukata.

Mahaifina ya rasu ban gama iya tafiya ba, don haka ban san fuskarsa ba. Inna ta ɗauke ni muka koma Maruta, gidan wanta, wato Kawu. Shi ne ya cire ni daga makaranta ina aji huɗu, ya miƙa mini garma, ya ce boko ba ya cika rumbu. Ɗan karatun da kuke gani ina taƙama da shi, ragowar wancan ajin ne da abin da na tsinta a rediyo. Kawu ya daɗe da rasuwa. Idan aka ambace shi ina cewa Allah ya jiƙansa, amma da rabin baki.

Inna ta rasu 'yan shekaru bayan an yanke mana Jigawa daga Kano, lokacin na dawo Birnin Kudu ina sayar da iri da taki. Da aka buɗe akwatinta, a can ƙarƙashin zannuwa na sami wani ɗan hoto a naɗe cikin leda. Mutum ne a tsaye da babbar riga da hula, ya dafa kujera, irin hoton da ake ɗauka a Kano a da. Baƙi da fari ne, amma tsufa ya mai da shi ruwan ƙasa, fuskar ta dushe kamar an shafa mata toka. Ban tambayi kowa ba. Wa mace za ta ɓoye a ƙarƙashin zannuwanta in ba mijinta ba? Na sa aka yi masa gilashi, na rataye shi a ɗakina. 'Ya'yana duk na nuna musu shi na ce ga kakanku. Har hancina na gano a fuskarsa. Da safe idan zan fita kasuwa sai na ɗaga kai na dube shi, wani lokaci in yi masa ƙarar Kawu.

Ana nan sai aka yi suna a gidana, 'yar Kawu ta zo daga Gwaram. Hajiya ce mai sayar da atamfa, ta girme ni, taubashiyata ce, kuma harshenta ko wanzami ba ya wasa askarsa haka. Ta leƙo ɗakina don ta tsokane ni kamar yadda muka saba, sai ta tsaya cak.

Ta ce, "Ɗan Gwaggo, me ubana yake yi a bangonka?"

Na ce, "Ubanki ko a hoto ba ya tsayawa shiru, sai ya sa wani aiki. Wannan mutumin kirki ne, dube shi."

Ta ce a sauke mata hoton, ba ta da na mahaifinta ko ɗaya. Na ce ni ma ba ni da wani uban sai wannan. Daga ranar wasan taubasantaka ya mutu a tsakaninmu, gaba ta gaje shi. Ta daina shiga gidana. Idan direbobin Gwaram suka tsaya a bakin shagona sai su ce, Hajiya ta ce a gaishe da ɓarawon uba. Ni kuma in ce su gaya mata wanda ya rasa uba ya je ya nema a inda ya yar da shi.

Abin da zai raba gardamar a fili yake, amma ido ya kasa ganinsa. Askar gidanmu tsaga huɗu ce a kowane kunci, ga su nan a fuskata. Ta gidan su Kawu uku ce, ga su a fuskar Hajiya. A hoton kuwa kunci ya dushe, sai wani duhu-duhu. Ni idan na duba huɗu nake gani. Ita da ta duba ranar suna uku ta gani. Limamin da na kai wa hoton ya juya shi, ya nisantar da shi, ya ce shi bai ga komai ba sai hula.

Babbar 'yata ce ta gaji da mu. Tana aiki a asibiti, ɓangaren da ake duba hoton cikin mutum a kwamfuta. Ta ce in mun yarda za ta sa na'ura ta ƙirga tsagar. Na yarda nan take, tunda 'yata ce kuma kwamfutarta ce. Hajiya ma ta aiko cewa ta yarda, wai gaskiya ko a gidan maƙiyi ta kwana ba ta ramewa. Muka yi alkawari, wanda askar gidansu ta fito shi ne da hoto, ba ƙorafi.

Muka haɗu a gidan 'yar tawa da hantsi. Hajiya ta zauna a ƙarshen tabarma, ni a ɗaya ƙarshen, ko gaisuwar kirki ba mu yi ba. Yarinya ta zare hoton daga gilashi, ta kifa shi a wata na'ura mai haske, sai ga shi a fuskar kwamfuta. Ta yi ta faɗaɗa kuncin har ya daina zama kunci, ya koma ƙananan gidaje masu kusurwa huɗu, wani ya fi wani duhu, kamar saƙar tabarma.

Ta ce, "Baba, kowane hoto a nan ɗigo-ɗigo ne, kuma kowane ɗigo yana da lambarsa. Baƙi ƙirin sifili ne, fari fat ɗari biyu da hamsin da biyar, sauran suna tsakani. Ido ba ya raba ɗigo biyu da suka yi kusa da juna, amma lamba tana rabawa. Zan ja layi miƙaƙƙe daga kunne zuwa gefen baki, kwamfuta ta bi layin tana karanta lambar kowane ɗigo, ta zana mana hawa da saukarsu."

Ta ci gaba da wani bayani a kan abin da hawan yake nufi da abin da saukar take nufi. Wannan ne ban ji ba, domin a daidai lokacin ina gaya wa Hajiya ta tanadi kuɗin mota, hannu rabbana za ta koma Gwaram kamar yadda ta zo.

Hajiya ta ce, "Saurari malamarka, ɗan aji huɗu. Ko a nan ma sai an zo an cire ka?"

Yarinya ta kama linzamin kwamfutar, ta ja wani jan layi a kuncin mutumin. Ta danna wani wuri. Sai wani zane ya fito a gefe, zare guda yana hawa yana sauka, yana hawa yana sauka. Ina ganinsa na gane shi. Duk wanda ya taɓa durƙusawa a bakin gona bayan an gama huɗa ya hango ta daga gefe ya san wannan zane. Kunyoyi ne a jere. Na matso, na sa yatsa a gilashin kwamfuta, na ƙirga su da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji: ɗaya, biyu, uku, huɗu.

Na miƙe tsaye. Ni da gwiwa take hana ni tashi sai da dafa bango, ranar ban dafa komai ba.

Na ce, "Huɗu. Hajiya, ƙirga da kanki, in kin iya wuce uku. Dama a gidanku komai a uku yake tsayawa, har hankali. Shekara da shekaru kina aiko mini da direbobi, yau ga injin Bature ya ƙaryata ki. Ki je ki gaya wa mutanen Gwaram ubanki bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, rowa ba ta bar shi ba."

Na faɗi wasu maganganun a kan Kawu waɗanda ba zan rubuta ba. Hajiya ta ƙura wa zanen ido, sannan ta juya ta dubi 'yata, wadda ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta.

Hajiya ta ce, "'Yar nan, ɗazu na ji kin ce baƙi ne ƙasa, fari ne sama. Ko kunnena ne?"

Yarinya ta ce, "Haka ne, Gwaggo."

"To tsaga a fuskar mutum, a hoto, fara ce ko baƙa?"

Yarinya ta dube ni irin kallon da ake yi wa mara lafiya kafin a gaya masa sakamako. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Inda zaren ya hau, fata ce lafiyayya da haske ya sauka a kanta. Inda ya faɗa, nan ne duhun tsaga. Kwarin ake ƙirgawa."

Na sake matsowa. Tsakanin kunya huɗu kwari nawa ne? Wannan ko jakin da ke kai taki gona ya sani. Na ƙirga a zuci, na sake ƙirgawa daga ɗaya gefen ko za su ƙaru. Uku.

Ban sallama nan take ba, ni ma jikan wani ne. Na ce layin ya karkace. Yarinya ta sake ja a sama kaɗan, kwari uku. Ta ja a ƙasa kaɗan, uku. Na ce ai hoton ya tsufa, wata tsagar ta goge. Ta faɗaɗa layin ya yi kauri, ta ce yanzu kwamfuta tana haɗa ɗigo da yawa tana ɗaukar tsaka-tsakinsu, don ƙura da ƙarzuwar takarda su daina ruɗa mu. Zaren ya ƙara yin sumul, kwarin nan uku suka ƙara fitowa, a jere, tazararsu ɗaya, aikin wanzami mai natsuwa. Bayan na ukun zaren ya miƙe shar har bakin mutumin, babu ko ɗan gangare da zan rataya ta huɗu a kai.

Na dubi fuskar da ke kwamfuta. Hancin nan da nake cewa nawa ne, nawa ne kuwa, ta wajen Inna na samo shi. Ashe wanta ta ɓoye a ƙarƙashin zannuwa. Ashe duk safiyar nan da nake tsayawa ina kai ƙarar Kawu, Kawu nake kai wa. Uban da nake da shi a bango ya tashi, wanda na sani da bulala ya zauna a wurinsa, ya dafa kujera yana kallona.

Hajiya ta miƙa hannu, yarinya ta sa mata hoton a tafi. Ta goge shi da gefen mayafi a hankali, ta daɗe tana kallonsa, ta naɗe shi a sabon ƙyalle. Gilashin ta turo mini da ƙafa, ta ce wannan nawa ne, ba ta cin haram.

Da na yi shiru a nan da na tsira da ɗan mutunci. Amma bakina bai saba komawa gida da wuri ba.

Na ce, "Ni manomi ne. Manomi kunya yake ƙirgawa, ba a taɓa biyan ɗan ƙwadago da kwari ba. Kuma wa ya mai da ni manomi? Wannan da kika naɗe a ƙyalle. Da ya bar ni na kai aji bakwai da ni zan koya wa kwamfutar nan ƙirga. Laifinsa ne na ga kunya huɗu."

Hajiya ta miƙe, ta gyara mayafi, ta zura takalmi ba gaggawa. Sai da ta kai bakin ƙofa ta juyo.

Ta ce, "Ai ka yi gaskiya, ɗan Gwaggo, kunya huɗu ce a kuncin ubana. Kai kuwa a ja maka layin nan daga kunne zuwa kunne, ko ɗaya ba za a samu ba."